Inda Tsagar Ta Fara

A Sabon Garin Zariya, a shekarun da nake magana, duk wanda janaretansa ya karya wani ƙarfe da ba a samun irinsa a kasuwa, wurin Baba Othniel ake tura shi. Sana'arsa sassaƙa ƙarfe. A kawo masa karyayyen abu, ya auna, ya ɗaura ɗanyen ƙarfe a kan injinsa, ya yi ta fere shi har sabo ya fito daidai da tsohon. A ma'aikatar jirgin ƙasa ya koyi aikin yana saurayi. Da harkar jirgi ta yi sanyi sai ya sayi tsohon inji, ya buɗe shago a wani lungu bayan kasuwa. Gidansa kuwa yana Samaru, katanga ɗaya ta raba mu, cocinmu ɗaya. Ta nan na san labarinsa, wani daga bakinsa, wani daga bakin 'yarsa Dinatu.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya shan giya, ba ya saɓa alkawari, dattijo ne a majalisar coci. Aibinsa ɗaya, ba ya son a gyara masa magana a kan aikinsa. Lokacin kuma aikin ya yi masa yawa, don ana ɗauke wuta fiye da yadda ake kawo ta, kowane gidan burodi da otal da injin katako ya koma kan janareta. Abin da ya fi sassaƙawa shi ne shaf, wato sandar ƙarfen da ke haɗa inji da ɓangaren da ke ba da wuta. Shaf ba kauri ɗaya yake ba. Akwai inda yake sauka daga kauri zuwa siriri, masu aikin suna kiran wurin kafaɗa. Tsohon da ya koya wa Othniel aiki yakan bar ɗan lanƙwasa a gindin kafaɗar. Bai taɓa faɗin dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Da ya zama mai zaman kansa sai ya ɗauka ganin tsohon ne ya ragu, ya koma yanka wurin tsaf, kusurwa mai kaifi kamar an yanka da reza. Masu kawo aiki suna shafa wurin da yatsa suna yabawa, shi kuma yana jin daɗi.

Ɗanyen ƙarfen a wurin Ejiofor yake saye. Ejiofor a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma shagonsa ne mafi girma a layin 'yan ƙarfe. Abota ce ta gaske tsakaninsu. Tare suke cin abincin rana, Kirsimeti kuma a gidan ɗaya akan yi shi bana, gidan ɗayan baɗi. Ranar da Dinatu za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, babur ɗin babanta ya ƙi tashi, Ejiofor ne ya rufe shago ya kai ta. Ankul take kiransa, wato kawu.

A bazarar 2003 abin ya faru. Akwai wani gidan ƙanƙara da ajiyar kifi a Dogarawa, na wata mata da ake kira Madam Oluwatoyin. Shaf ɗin babban janaretanta aikin Othniel ne, ya kusa shekara biyu yana juyawa. Wata rana da tsakar rana ya karye injin na cikin gudu. Ƙarfen da ke riƙe da shi ya fizge ya bugi Toma, mai kula da injin, a ƙwauri, ya karya shi. Kafin a samo wani injin, kifin da ke ɗakin sanyi ya lalace, warinsa ya cika unguwa.

Madam ta aika aka kira Othniel. A gaban ma'aikatanta ta nuna masa ƙarfen, ta ce, "Baba, ga aikinka nan."

Ya ɗaga guntun ya duba. Fuskar karayar ta ba shi mamaki: fiye da rabinta sumul take kamar an goge, sauran kuma kaca-kaca. Bai taɓa tsayawa ya kalli irin wannan ba. Nan take ransa ya ba shi cewa ƙarfen ne ruɓaɓɓe tun daga ciki.

"Aikina ba ya karyewa, Madam," in ji shi. "Jabun ƙarfe aka sayar mini."

Bai koma shago ba. Ya ɗaura guntun a bayan babur, sai layin 'yan ƙarfe. Ya tarar da Ejiofor da masu saye a gabansa, ya tilla masa ƙarfen a kan tebur har sikeli ya faɗi.

"Duba abin da ka ba ni! Ka kusa kashe mutum!"

Ejiofor ya miƙe yana cewa, "Baban Dinatu, shigo ciki mu yi magana."

"Ba na shiga. A nan zan faɗa kowa ya ji. Jabun ƙarfe kake sayarwa. Ni da na ɗauke ka ɗan'uwa ka yi mini haka, ina ga wanda ba ka sani ba?"

Mutane suka taru, makanikai da masu walda da 'yan dako. Kowa ya san Othniel ba ya ƙarya, don haka babu wanda ya tsaya tambaya. Kafin mako ya zagayo sunan ya manne: Ejiofor Jabu. Masu saye suka koma wasu shaguna. Sannu a hankali manyan ƙarafa suka ƙare a shagon ba a kawo wasu ba, har ya rage ƙusa da waya da kwano yake sayarwa. Matarsa ta daina gaida Maman Dinatu. Othniel kuwa ya ɗauki guntun shaf ɗin ya shafa masa mai ya ajiye a kan kanta, duk baƙon da ya shigo shago sai ya nuna masa, ya ba shi labarin yadda amini ya ci amanarsa.

Shekara huɗu aka yi a haka.

Dinatu a lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun injiniyan ƙarafa. Babanta ne ya sa ta son fannin, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamarta. Aikin binciken da malaminta ya ba ta a kan gajiyar ƙarfe ne, irin ƙarafan da ake sa wa injinan wutar lantarki: yadda ake gane ƙarfe ya soma gajiya, da yadda ake ƙiyasta abin da ya rage masa. Ana son ta samo wani ƙarfe da ya karye a bakin aiki ta bincika. Da ta faɗa a gida, Othniel ya yi murna.

"Ai kin zo gidan," ya ce. "Ɗauki na Dogarawa. Ki auna shi da injinanku, ki rubuta wa duniya irin abin da ake sayar mana."

Shi da kansa ya kai mata har ƙofar sashensu.

Bayan wasu makonni sai muka ga Dinatu ta canza. Ta daina tsayawa cin abinci da su, in babanta ya tambayi aikin sai ta ce ana nan ana yi. Daga baya ta gaya mini cewa sau uku ta sake gwajin, tana fatan ita ce ta yi kuskure. Har malaminta ta roƙa ya canza mata ƙarfe. Ya ce mata sakamako ba ya canzawa don mai aikin ɗan gida ne.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, suna zaune a tsakar gida, ta fito da guntun ta ajiye a kan tabarma.

"Baba, ina son in nuna maka wani abu. Don Allah ka bari in gama."

Ta ce sun yanki ƙarfen sun gwada abin da ke cikinsa, sun gwada taurinsa. Ƙarfe ne mai kyau, ya ma ɗara abin da aikin ke bukata. Sannan ta juyo fuskar karayar wajen haske, ta ce ya duba sumul ɗin nan da kyau. Akwai wasu siraran layuka a jere, sun lanƙwasa, kamar shatar da ruwa ke bari a yashin rafin Kubanni idan yana janyewa. Kowane layi, in ji ta, wuri ne da tsagar ta tsaya kafin ta ci gaba. Duk juyin da inji ya yi, yana jan ƙarfen ya saki, ya ja ya saki. A rana ɗaya ba ya yi masa komai. Amma in akwai inda nauyin ke taruwa, wata rana 'yar tsaga za ta buɗe a nan, wadda ido ba ya gani, ta yi ta ci wata da watanni, har abin da ya rage ya kasa ɗauka ya ɓalle gaba ɗaya. Shi ne ɓangaren kaca-kacan.

"In ka bi layukan baya," ta ce, "za su kai ka inda ta fara."

Ta miƙa masa gilashin ƙara girma. Ya bi su da ƙumbarsa. Duk sun tattaru a wuri ɗaya, a gindin kafaɗar, daidai kan kusurwar da ya yanka.

"Da an bar lanƙwasa a nan, Baba, da nauyin ya bazu."

Ya ajiye gilashin. 

"Tun ba a haife ki ba nake fere ƙarfe," ya ce. "Yau ke za ki koya mini?"

"Ba koya maka nake ba, Baba."

"Ejiofor ne ya aiko ki?"

Dinatu ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Shi kuma ya zauna a wurin har rana ta kau daga tabarmar, guntun na gabansa. Abin da ya gaya mini daga baya shi ne, tun kafin ta gama magana ya san gaskiya ce, don hannun tsohon maigidansa ya dawo masa a ido, yadda yake sassauta wuƙar inji in ya iso kafaɗa. Abin da ya ɗauka raunin ido ne, ashe shi ne aikin. Kuma abin da ya fi ƙona shi, da bakinsa ya yi shekara huɗu yana kiran mutane su zo su kalli shaidar laifinsa.

Kwanaki ya yi bai buɗe shago ba, ya ce zazzaɓi ne. Lahadi ta zagayo bai je coci ba. Na shiga gaishe shi na tarar da shi ya juya fuska bango, ya amsa mini ba tare da ya waiwayo ba.

Dinatu ce ta tashe shi, ba da lallashi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, shaf nawa ka yi wa irin wannan yankan?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Suna nan suna juyawa yanzu haka, kuma akwai mutane tsaye kusa da su."

Washegari suka fita tare a kan babur. Ta aro gwangwanayen gwaji daga sashensu. Aikin ba shi da wuya: a kashe inji, a kwance murfi, a wanke kafaɗar shaf tas, a fesa mata wani jan ruwa a bar shi ya ratsa, a goge, sannan a fesa farar hoda. In akwai tsaga, jan ruwan da ya shige cikinta sai ya tsotso ya fito a kan farin, siririn layi kamar zaren jini. Wahalar tana wajen roƙon mai inji ya kashe injinsa ana tsakar aiki, don dole ya tambayi dalili, dole kuma a faɗa masa.

Sun fara da gidan burodin wani Callistus a Samaru. Othniel ya yi ta kewaye-kewaye, wai sabuwar hanya ce ta duba lafiyar inji. Callistus ya ce in dai lafiya ce injinsa lafiya lau yake, burodi na cikin wuta. Da Othniel ya ga ba mafita sai ya faɗa: yankan da yake yi wa shaf yana da matsala, shi ne ya karya na Dogarawa.

Callistus ya dube shi ya ce, "To, ba kai ka ce ƙarfen Ejiofor ne jabu ba? Ni ma saboda maganarka na bar sayen kaya a wurinsa."

"Ni na faɗa," in ji Othniel, idonsa a ƙasa.

Haka ya yi ta maimaitawa, a injin katako, a otal, a wata makarantar kwana, a wurin masu niƙan masara. Wasu suka tausaya masa, wasu suka yi masa dariya a bayan ido, wani ya kore su ya ce kada ya sake taɓa masa inji. Dinatu ta ce a kowane wuri muryarsa ƙara yin ƙasa take yi, har wani lokaci sai ta maimaita wa mutane abin da ya ce. Yawancin shaf ɗin farin ya tsaya fari. Amma a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Sabon Gari, inda janaretan ke ba ɗakin haihuwa wuta, suna tsaye suna kallo jan layi ya fito ya zagaye kusan rabin kafaɗar. Othniel ya zauna a kan jarka ya rufe fuska da hularsa. A injin katako ma an samu, ƙarama. Duka ya sake sassaƙa su da lanƙwasa, har waɗanda ba su nuna komai ba, bai kuma karɓi ladan kowa ba.

Toma ya bar gidan ƙanƙara tun bayan karayar, ya koma sayar da katin waya a ƙarƙashin laima a bakin titin Dogarawa, yana ɗingishi. Othniel ya je ya same shi ya faɗa masa. Toma ya saurara, ya ce, "Oga, ni dai ƙafa ta riga ta tafi. Ko ƙarfe ne ko yanka ne, ɗaya ne a wurina. Allah ya yafe mana." Ya juya ya ba wani kati. Othniel ya ce da ma zaginsa ya yi.

Wurin Ejiofor ya bari ƙarshe. Sau biyu yana isa bakin layin yana juyawa. A na uku ya shiga, da la'asar, ya tarar da shi yana auna wa wata mata ƙusa. Ejiofor ya yi furfura, shagon rabinsa wayam.

"Ejiofor."

"Baban Dinatu. An ce kana yawo kana fesa wa injina jan fenti."

Labarin ya riga shi isowa. Duk da haka ya tsaya ya faɗa daga farko, a hankali, kamar mai karanta addu'a. Ya ce ƙarfen ba shi da laifi, hannunsa ne. Ya ce ya zo neman gafara.

Ejiofor ya ƙulle ledar ƙusa, ya sallami matar, sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Ni ma na yarda da kai. Na ce Othniel ba zai yi kuskure a ƙarfe ba. Na hau mota har Legas, na shiga wurin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ba ni kaya, tun zamanin babana, na kira shi ɓarawo a gaban yaransa. Ya rantse mini, ban saurara ba. Bara ya mutu. Kai ka same ni ka ba ni haƙuri. Ni wa zan je in ba?"



"Sannan ranar nan ba haka muryarka take ba," in ji Ejiofor. "Har 'yan kifi sun ji ka."

Sai Othniel ya fita tsakiyar layi, ya cire hula, ya ɗaga murya. Ya ce jama'a su saurara, shi ne Othniel mai sassaƙa, abin da ya faɗa a kan Ejiofor ba gaskiya ba ne, ƙarfensa mai kyau ne, laifin nasa ne. Muryar ta karye a tsakiya, ya sake ɗagawa. Amma layin ya canza a shekara huɗu. Da yawa daga cikin waɗanda suka ji na farko sun tashi, sababbin kuma ba su san zancen ba. Wasu suka ɗauka mai wa'azi ne, wani ya tambayi maƙwabcinsa ko maganin basir yake sayarwa. Mutum biyar ko shida ne suka gane, suka sunkuyar da kai. Yana nan tsaye da hula a hannu har Ejiofor ya leƙo ya ce, "Ya isa. Je ka gida."

Sunan bai goge ba. Har yau akwai tsofaffin makanikai da in za su yi kwatance sai su ce kusa da tsohon shagon Jabu, ba da wata manufa ba, bakinsu ne ya saba.

Othniel ya je wurin fasto ya ce a sauke shi daga majalisar dattawa. Aka roƙe shi ya zauna, ya ƙi, ya koma bencin baya kusa da ƙofa. Ya ci gaba da aiki, amma surutun shago ya ƙare. In an yaba masa sai ya ce a bari inji ya yi shekara tukuna. Dinatu ta gama da sakamako mai kyau, bayan bautar ƙasa ta sami aiki a wata tashar wutar lantarki, tana duba ƙarafan manyan injina kafin su gaji. Ranar bikin kammala karatunsu ya je, ya tsaya nesa, don malaminta na wurin kuma ya san ko aikin wa aka bincika. Sai da ta jawo shi da hannu aka ɗauki hoto.

Tsakaninsa da Ejiofor gaisuwa ta dawo, abota ba ta dawo ba. Ya yi ta tura masa masu saye, amma ba manyan ƙarafan da za a sayar musu, Ejiofor kuma ya ce ya tsufa da sake farawa. A ƙarshen 2009 ya sayar da shagon, ya ce zai koma garin iyayensa, garin da bai taɓa zama a cikinsa ba sai dai ziyara. Bai gaya wa Othniel ranar tafiya ba, a bakin mutane ya ji. Da safe Othniel ya tafi tasha, ni na raka shi. Muka tarar ana loda kaya a babbar mota, matar Ejiofor ta gan mu ta kau da kai. Othniel ya matsa ya kama hannun wata babbar jaka. Ejiofor ya dube shi, sannan ya sakar masa. Othniel ya ɗauka a ka kamar ɗan dako, ya kai bayan mota, ya tsaya har aka ɗaure ta.

"Ka gaida Dinatu," in ji Ejiofor ta taga. "Ka ce mata Ankul ya gode."

Motar ta tashi ta bi hanyar Kaduna. Na ce mu koma Samaru ya huta, ya ce a'a, akwai wani mai injin niƙa da ke jiransa a shago tun safe. A bakin kasuwa na sauka daga babur ɗinsa, shi ya wuce.